Kunnawa da kashewar ba kamar makunnin lantarki ba ne

Wani labari ya ce furotin da masana suka ƙera yana kunna ko kashe makarɓin saƙo da ke jikin ƙwayar halitta, amma bai faɗi yadda abin ke faruwa ba. Yawancin irin waɗannan makarɓai sassa biyu ne. Sai furotin ya kama duka biyun ya daidaita zamansu, sannan enzayim ɗin JAK da ke ciki ya aika saƙo. Tazara ko kusurwa ta kauce kaɗan, saƙon ya raunana.

Kashewa ta fi sauƙi. Dubi pegvisomant, maganin cutar yawan homon girma: homon girman ne aka sauya wa amino asid (tubalin gina furotin) na 120, a wurin da yake kama sashe na biyu na makarɓin, don haka yana zama kan makarɓin ya tare wuri ba tare da ya tayar da shi ba.

Kunnawa ce mai wuya. A 2019 ɗakin binciken David Baker a Jami'ar Washington ya fitar da Neo-2/15, furotin mai amino asid 100 da ke kwaikwayon IL-2, wani furotin da ke zaburar da ƙwayoyin garkuwar jiki. Makarɓin IL-2 sassa uku ne: Neo-2/15 yana kama sassan beta da gamma, ya ƙyale na ukun, wato CD25, wanda ake dangantawa da illar IL-2 ta yoyon jijiyoyin jini. Dabara ce mai kyau ƙwarai, ga ɓeraye ta yi aiki. Amma ƙoda tana saurin tace ƙaramin furotin, shi ya sa ake liƙa masa PEG, wani sinadari mai ƙara masa girma don ya daɗe a jini, kuma garkuwar jiki na iya ɗaukarsa baƙo. An dakatar da gwajinsa kan masu ciwon daji a 2022.