Bill Withers bai yi asara ba

Duk lokacin da aka taɓo zancen Bill Withers, mawaƙin nan na Amurka, sai wani ya ce, kaico, mutum da irin wannan murya ya ajiye waƙa yana da shekara 47 kacal. Ni kuwa a wurina ajiyewar nan tana cikin abubuwan da suka sa nake girmama shi, kuma bari in faɗi dalili.

An haife shi a 1938 a Slab Fork, wani ɗan ƙauyen masu haƙar kwal a jihar West Virginia ta Amurka. Shi ne auta cikin 'ya'ya shida. Mahaifinsa ya rasu yana da shekara 13, ga shi kuma yana fama da in-ina, irin wadda yaro kan gwammace ya yi shiru da a yi masa dariya. Yana shekara 17 ya shiga sojan ruwa, ya yi shekara tara. Da ya fito ya koma Los Angeles a 1967, ya kama aikin leburanci a masana'antun jiragen sama, ciki har da haɗa ban-ɗakin jirgi. Da kuɗin albashinsa yake biyan ɗaukar waƙoƙinsa na gwaji.

Wato lokacin da faifansa na farko, Just As I Am, ya fito a 1971, mutumin yana da shekara 32, ya ci kwakwa, ya san darajar albashin ƙarshen wata. Hoton da ke jikin faifan ma a wurin aikinsa aka ɗauka, yana riƙe da akwatin abincinsa na rana. Kuma ko bayan ya sa hannu da kamfanin faifai na Sussex bai yi gaggawar barin aikin ba, don bai yarda da harkar waƙa ba. Ya ga kamar rumfar kara ce.

Ku saurari Ain't No Sunshine. Waƙa ce ta minti biyu da ɗan kai, a tsakiyarta ya maimaita kalmomi biyu har sau 26. Asali cike gurbi ya yi da niyyar rubuta baiti daga baya, mawaƙan da ke ɗakin, ƙarƙashin jagorancin Booker T. Jones, suka ce ya bar ta haka. Ta ci lambar Grammy, babbar lambar yabo ta waƙa a Amurka. Abin da ke kama ni a nan shi ne, wanda ya taso harshensa na sarƙewa a kan kalma ɗaya, shi ne ya mai da maimaita kalma abin da duniya ke rerawa. Haka Lean on Me ta 1972, wadda ya ce kewar zaman tare irin na ƙauyensu ce ta sa shi rubuta ta. Babu ƙawa a cikinta, ko yaro zai iya bi, shi ya sa ta shiga coci da makaranta da wurin makoki. A 1974 har Kinshasa ya je ya yi wasa a bikin da aka shirya don damben Muhammad Ali da George Foreman.

To me ya kore shi? Sussex ya durƙushe a 1975, ya koma Columbia, kamfani babba mai manyan ofisoshi. Nan aka fara koya masa yadda baƙar fata ya kamata ya yi waƙa. Ana mayar masa da waƙoƙinsa, har aka ba shi shawarar ya sake rera wata waƙar Elvis Presley. Daga 1978 zuwa 1985 bai fitar da faifai nasa ba. Abin dariya, a cikin waɗannan shekarun ne ya yi Just the Two of Us tare da Grover Washington Jr. a wani kamfanin daban, ta kuma ci Grammy. Da ya sallami Columbia da faifan 1985, sai ya tattara ya koma gida.

Masu cewa ya yi mana rowa, na ji su. Ni ma zan so a ce akwai faifai goma a gaba. Amma mun ga ƙarshen mawaƙa nawa da suka kasa sauka, murya ta tafi, ana jan su daga wannan dandali zuwa wancan don biyan bashi? Withers ya riƙe haƙƙin waƙoƙinsa da kyau, matarsa mai digirin kasuwanci ce ke kula da lissafin. A 1987 wata ƙungiya ta sake rera Lean on Me ta kai lamba ɗaya, Grammy ta sake zuwa masa a matsayin marubuci yana zaune a gida.

Shekara 35 ya yi bayan faifan 1985 bai sake fitar da sabon faifai ba. A 2015 Stevie Wonder ne ya gabatar da shi a zauren karrama mawaƙa na Rock and Roll Hall of Fame, shi kuma ya hau mumbari ya yi ta ba mutane dariya, sannan ya bar wa Wonder da John Legend yawancin rerawar. Ya rasu ranar 30 ga Maris, 2020, yana da shekara 81, daidai lokacin da ma'aikatan asibiti da mutanen da korona ta kulle a gida ke rera Lean on Me ta taga.