"Baba, Kar Ka Ce In Sha Allah"

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa.

Mako uku da suka wuce ƙaramar 'yata, mai shekara bakwai, ta faɗa mini maganar da har yau tana ci mini rai. Ta daɗe tana roƙona in kai ta bakin kogin Binuwai ta ga dorina, don 'yan ajinsu sun cika ta da labari. Rannan da safe ina turo babur daga zaure za ni kasuwa, sai ta riƙe mini gefen riga. "Baba, ran Juma'a za ka kai ni?" Kafin in buɗe baki ta riga ni: "Don Allah Baba kar ka ce in sha Allah. Ka ce to kawai."

Jikina ya yi sanyi. Ba wanda ya zaunar da yarinyar nan ya karanta mata wannan darasi. A bakinmu ta tsince shi, ni da sauran manyan da take gani: idan babba ya ce in sha Allah, an rufe maganar ke nan.

Kowa a nan garinmu Garwa yana da kalmar da ke ƙona masa rai. "Ga ni nan zuwa" daga mutumin da ko wanka bai shiga ba. "Ai na faɗa maka" a lokacin da kake neman mai ɗaga ka. "Ba gulma ba" wadda gulma ke biye da ita. Waɗannan sai ka yi tsaki ka wuce. Wanda ke ba ni tsoro shi ne kalmomin da sunan Allah ke cikinsu, har muka kai su ga mai ji yana jin haushinsu.

Mu tuna inda kalmar ta fito. Malaman sira sun kawo cewa Kuraishawa sun yi wa Manzon Allah (SAW) tambaya uku: game da samarin kogo, da Zulƙarnaini, da ruhi. Ya ce su dawo gobe, bai ce in sha Allah ba. Wahayi ya yi jinkiri, a ruwayar Ibn Ishaƙ har kwana 15, mutanen Makka suna ta surutu. Sannan Suratul Kahfi ta sauka, a aya ta 23 da 24 aka ce masa kada ya ce zai aikata wani abu gobe sai ya haɗa da "in Allah ya so". Ku lura, Annabi ya yi niyyar ba su amsa da gaske. Kalmar ta wanda ya ƙudura aiki ce, ya ɗaura ɗamara, sannan ya tuna cewa gobe ba a hannunsa take ba. Mu kuwa mun mai da ita ƙofar baya. Tela ya karɓi shadda goma sha biyar ana saura kwana huɗu Sallah, ya san kekensa ba zai cinye su ba, amma kowa "jibi in sha Allah". Wanda ake bi bashin sefa dubu ashirin, kuɗin na aljihunsa, ya bar dattijo ya tako cikin ranar watan Afrilu, wadda ko takalmin roba ba ya jure mata, ya ce masa "gobe in sha Allah, Baba". Goben ta zo, an kashe waya. Alhali hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, kuma saɓa alkawari na cikin alamomi uku na munafuki. Ko da Fillanci ka faɗa, "to Allah jaɓi", nauyin bai ragu ba.

Na san abin da ke kai mu ga haka. Kunya ce. An rene mu a kan cewa "a'a" ta yi nauyi a fuskar mutum, musamman babba ko maƙwabci. Amma ɗan uwa, ka ji kunyar wanda ke tsaye gabanka, ka kasa jin kunyar Wanda ka ari sunansa ka yi lulluɓi da shi? "Yi haƙuri, ba zan iya ba" tana da ɗaci na minti ɗaya, sai mutum ya nemi wata hanya tun da sauran lokaci.

Sai wallahi. Shiga babbar kasuwa ka tsaya wajen masu atamfa na rabin awa. "Wallahi ko uwar kuɗi ban mayar ba." "Wallahi yanzun nan aka taya fiye da haka na hana." Mai saye ba ya ko ɗaga kai, ya ci gaba da tayi, don ya ji ta sau ɗari tun safe. Manzon Allah (SAW) ya ce rantsuwa tana sayar da haja amma tana shafe albarka. Wanda ya rantse zai yi abu ya fasa, kaffararsa na cikin Ma'ida aya ta 89: ya ciyar da miskinai goma, ko ya tufatar da su, ko ya 'yanta bawa, in bai samu ba azumi uku. Amma rantsuwar ƙarya da gangan a kan abin da ya riga ya faru, ita malamai ke kira gamusu, mai dulmuya mai ita cikin zunubi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba ta da kaffara, sai tuba. A kan ribar sefa ɗari biyar!

Akwai wata kuma da ba rantsuwa ba ce, amma ta fi yanka. Ƙanwata ta shekara shida a ɗakin miji Allah bai ba ta haihuwa ba. Na je ɗauko ta daga wani gidan suna, tun daga can har ƙofar gidanta ba ta ce uffan ba, sai jan hanci nake ji a bayana. Da ta sauka na ce, "Lafiya?" Ta ce, "Yaya, an miƙo mini jaririn ne, sai wata ta ce a gaban kowa: ke fa, har yanzu shiru? Allah dai ya kawo." Iyayena mata, 'yan uwana mata, wannan addu'a ce? Addu'ar da ake so ta karɓu, a sujada ake yin ta, ba a tsakar taro ba. Allah ya faɗa a Suratush Shura, aya ta 49 da 50, cewa yana ba wanda ya so mata, ya ba wanda ya so maza, ya haɗa wa wani duka, ya bar wanda ya so ba haihuwa. Wa kike tuhuma da tambayar? Haka "yaushe za mu sha biki?" ga budurwar da ita ma jira take, da "har yanzu ba a samu aikin ba?" ga saurayin da takardunsa suka tsufa a jaka. Annabi (SAW) ya ce yana daga kyawun Musuluncin mutum ya bar abin da bai shafe shi ba. Allah ya yafe mana abin da harsunanmu suka ɗebo.

Ran Juma'ar, bayan la'asar, na rufe rumfa da wuri na ɗora yarinyar a gaban babur muka gangara wajen gada. Mun jima a tsaye kafin wasu kunnuwa biyu da hanci su ɓullo can tsakiyar ruwa, ta yi ta tsalle tana nunawa. A hanyar dawowa na ce mata in sha Allah bayan Sallah za mu komo da yayyenta. Ta juyo ta dube ni, ta ɗan jima tana dubana, sannan ta ce, "To, Baba."