Zuwa ofis kullum: don aiki ne ko don oga ya ga fuskarka?

Kafin 2020 in ka ce wa oga kana so ka riƙa aiki daga gida, kallon malalaci zai maka. Sai korona ta zo ta garƙame ofisoshi a faɗin duniya, kuma aiki bai tsaya ba, bankuna na aiki, jaridu na fita, mitin ya koma Zoom har masu shiga mitin a kansa a rana suka tashi daga miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020.

Yanzu kuma an dawo ana cewa kowa ya koma. Amazon ya ce daga Janairun 2025 sai an zo ofis kwana biyar a sati, wai in ba a haɗuwa aiki ba ya tafiya. Ni dai ban gamsu ba.

Tun kafin korona Nicholas Bloom na jami'ar Stanford ya yi gwaji da kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip a Chana, aka raba masu amsa wayar kwastomomi biyu, wasu a gida wasu a ofis, na gidan suka fi yin aiki da kashi 13 cikin ɗari, masu ajiye aiki a cikinsu kuma suka ragu da kusan rabi. Dalilin ba boyayye ba ne, babu hayaniya, babu mai zuwa ya tsaya maka a kai da hira, ga lokacin da cunkoson hanya ke cinyewa safe da yamma wanda ba wanda ke biyanka shi. Kamfani ma ya huta da kuɗin haya da wuta, ya ɗauki ƙwararre duk inda yake, mai jego da mai larurar nakasa su samu shiga. Kamfanin manhaja na GitLab ba shi da ofis ko ɗaya kuma yana kan kasuwar hannun jari ta Nasdaq tun 2021.

Eh, nas da direba da makanike ba za su yi aiki ta kwamfuta ba, kuma sabon ma'aikaci ya fi saurin koyo in yana kusa da manya, wannan gaskiya ne, a ware masa ranakun haɗuwa. Amma mai lissafi ko mai rubuta manhaja fa? Yawancin manajojin da ke nacewa sai an zo ba su iya auna aiki ba ne, abin da suka iya shi ne duba wa ya sa hannu a rajista ƙarfe takwas, alhali mutum na iya zama kan kujera har yamma yana Facebook.