Mai sanda ɗaya: yadda gwamnan babban banki ke kallon duniya

Duk bayan wata biyu, gwamnonin manyan bankunan ƙasashe kan hallara a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, a hedikwatar bankin da aka kafa a 1930, wanda ake yi wa laƙabi da bankin manyan bankuna. Ba a haska zaman a talabijin, amma ba sai mutum ya leƙa ɗakin ba kafin ya san yadda tunaninsu yake. An ɗora wa kowannensu aikin hana farashi yin tashin gwauron zabi, na Amurka kuma an haɗa masa da kula da samuwar ayyukan yi. Sandar da aka miƙa masa guda ce, wato kuɗin ruwa. Da ita yake fuskantar komai, tun daga jirgin dakon kaya da ya maƙale a mashigin Suez har zuwa ƙarin albashin direban tirela.

Wannan tunani ya samo asali ne daga Paul Volcker. Ya karɓi ragamar babban bankin Amurka a 1979, a 1980 hauhawar farashi ta haura kashi 14 cikin ɗari. Ya ɗaga kuɗin ruwa har kusan kashi 20, masana'antu suka rufe, rashin aikin yi ya kai kashi 10.8 a ƙarshen 1982, manoma suka yi wa ofishinsa ƙawanya da motocin noma. Bai ja da baya ba, farashi kuwa ya lafa. Tun daga nan kowane gwamna ke fatan a ce ya gaji Volcker.

Sai dai labarin yana da wani ɓangare da ba a cika karantawa a wajen yabon ba. A watan Agustan 1982 Meziko ta ce ba za ta iya biyan bashinta ba, domin bashin na dala ne, kuma kuɗin ruwansa yana bin abin da aka yanke a Washington. Barazil da Ajantina suka biyo baya, Latin Amurka ta yi asarar shekara goma cur. Babu ɗan Meziko ko ɗaya da ya zaɓi Volcker, kuma dokar da ta naɗa shi ba ta ce ya tuna da su ba. Tun a 1971 sakataren baitulmalin Amurka John Connally ya faɗa wa takwarorinsa na Turai ba kunya cewa dala kuɗin Amurka ce, amma matsalarta tasu ce.

A nan nake ganin gurguncewar tsarin. Ikon gwamnan babban banki yana tsayawa a bakin iyakar ƙasarsa, kuɗinsa kuwa ba ya neman biza. Binciken bankin na Basel a 2022 ya nuna dala na cikin kashi 88 cikin ɗari na duk cinikin canjin kuɗi a duniya. Kenan kwamitin babban bankin Amurka mai mutum goma sha biyu masu ƙuri'a ne ke tsayar da farashin bashi ga biliyoyin jama'a, alhali Majalisar Dokokin Amurka kaɗai yake yi wa bayani.

Mun sake ganin haka kwanan nan. A 2021 manyan bankuna sun dage cewa tsadar da ta biyo bayan korona ta wucin gadi ce. Yaƙin Ukraine ya ƙara wa wutar fetur, hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a Amurka a watan Yunin 2022, kashi 11.1 a Birtaniya a watan Oktoba. Sai aka zaro sanda. Daga kusan sifiri a Maris 2022, kuɗin ruwan Amurka ya wuce kashi 5 a tsakiyar 2023. To, kuɗin ruwa ba ya buɗe tashar jiragen ruwa, ba ya haƙo iskar gas, ba ya shuka alkama. Abin da ya iya shi ne ya matse aljihun jama'a har su rage saye. Gwamnonin za su ce ba ƙarancin kayan suke yaƙa ba, suna tsoron kada mutane su saba da tsada ne, ma'aikaci ya nemi ƙari, mai kamfani ya ƙara farashi, abin ya zama zagaye. Hujja ce mai ƙarfi, kuma a Amurka ta yi aiki ba tare da an kori ma'aikata da yawa ba. Amma dala ta yi tsada, masu zuba jari suka kwashe nasu ya nasu suka koma gida, Sri Lanka da Ghana suka daina biyan bashin waje a 2022. Gwamnatocinsu sun ci bashin da ya fi ƙarfinsu, wannan ba a musu. Guguwar da ta kayar da su dai daga waje ta taso.

Kada a ɗauka ina cewa a damƙa sandar a hannun 'yan siyasa. Turkiyya ta gwada. Shugaba Erdogan ya yi ta sauke gwamnonin da suka ƙi rage kuɗin ruwa, ciki har da Naci Agbal a Maris 2021, kuma zuwa Oktoban 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 85. Ɗan siyasa da injin buga kuɗi, kura ce aka ba ajiyar nama.

Ƙorafina ya fi karkata ga yadda ake rabon agaji idan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Babban bankin Amurka yana da yarjejeniyar musayar kuɗi ta dindindin da bankuna biyar: na Tarayyar Turai, Ingila, Japan, Kanada da Suwizalan. Idan dala ta yi musu ƙaranci, waya kawai za su buga. A Maris 2020 an buɗe wa wasu tara ƙofar na ɗan lokaci, har da Barazil da Meziko da Koriya ta Kudu. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Sauran kowa tasa ta fisshe shi: ko ya tara dala jibgi a asusun ajiya, kuɗin da da ya gina hanya da makaranta, ko ya bi layin Asusun Ba da Lamuni na Duniya da sharuɗɗansa. Raghuram Rajan ya yi wannan kuka a 2014 lokacin yana gwamnan babban bankin Indiya, ya ce haɗin kan duniya kan harkar kuɗi ya wargaje. An saurare shi cikin ladabi, aka ci gaba da abin da ake yi.

Su kansu gwamnonin sun fara nuna inda zuciyarsu take, ba da baki ba. Bayan da ƙasashen Yamma suka riƙe kusan dala biliyan 300 na ajiyar Rasha a 2022, manyan bankuna sun sayi zinariya fiye da tan 1,000 a shekarar, suka maimaita a 2023 da 2024. Poland da China da Turkiyya na sahun gaba. Mutanen da sana'arsu ita ce su sa jama'a su yarda da takarda, ga su suna ta jibge ƙarfe a rumbu.