Wai don na'ura ta iya haɗa hoto sai a kulle ɗakin koyon zane?

Tun daga 2022 da Midjourney da DALL-E 2 da Stable Diffusion, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu haɗa hoto, suka shigo hannun mutane, akwai wata magana da ake ta nanatawa har kunne ya gaji, wai zaman ɗalibi shekara huɗu a jami'a yana fama da gawayi da fenti da yumɓu ɓata lokaci ne, tunda yanzu kowa zai rubuta jimla ɗaya na'ura ta fito masa da hoto kafin ya ƙifta ido. Da a bakin 'yan soshiyal midiya maganar ta tsaya da ban kula ba. Abin da ya dame ni shi ne ta hau sama, ta shiga bakin masu tsara karatu da masu riƙe da asusun makarantu, kwanan nan ma da kunnena na ji wani babban malami yana cewa gara a kwashe allunan zanen nan da injin ginin tukwane a zuba kwamfutoci a ɗakin, wai shi ne tafiya da zamani.

Duk mai bin labarai ya san abin da ya faru a Amurka. San Francisco Art Institute da aka kafa tun 1871 ta rufe a 2022. A farkon 2024 Pennsylvania Academy of the Fine Arts, wadda tun 1805 take koyar da zane, ta sanar za ta daina ba da digiri. A watan Yunin shekarar kuma University of the Arts da ke Philadelphia ta garƙame ƙofa da sanarwar kamar mako guda, ɗalibai suka wayi gari ba su da makaranta. Sai masu waccan magana suka ɗauko waɗannan suna nuna mana, wai ga shaida nan zanen hannu ya mutu. Wannan ba gaskiya ba ne kuma su ma sun sani. Bashi ne da raguwar ɗalibai da tsadar riƙe gine-gine suka kayar da makarantun nan, ta San Francisco ɗin ma ta daɗe tana tangal-tangal tun kafin wani ya ji sunan Midjourney.

Maganar kuɗi ce, a fito a faɗa mana haka kawai. Sitidiyo, wato ɗakin koyon zane, yana cin fili, yana buƙatar manyan tagogi da haske mai kyau da hanyar fitar da warin sinadarai, ga tanderun gasa tukwane mai shan wuta, ga malami ɗaya da ba zai iya kula da mutum ɗari ba don dole ya tsaya a bayan kowane ɗalibi ya ga abin da hannunsa yake yi. A ɗakin lakca kuwa mutum ɗaya da lasifika ya isa ɗaruruwa. Duk shugaban makarantar da ya buga lissafi ya san wanne ya fi masa sauƙi, sai ƙirƙirarriyar basira ta zo ta ba shi hujjar da ya daɗe yana nema. Fakewa da guzuma ne a harbi karsana.

Kuma abin da ya fi ba ni haushi, yawancin masu yanke wannan hukunci ba su taɓa yini ɗaya a sitidiyo ba, a zatonsu abin da ake koya a can shi ne yadda ake samar da hoto. Ina! Hoton ai shi ne ƙaramin abin. Gani ake koya. Ka shiga ajin 'yan shekarar farko, malami ya ajiye tulu da kwalba da wani farin ƙyalle a kan tebur, ya kunna fitila daga gefe ɗaya, ya ce a zana. Kusan kowa zai yi bakin tulun a zagaye cif, don ƙwaƙwalwarsa ta gaya masa bakin tulu zagayayye ne, alhali daga inda yake zaune abin da idonsa ke gani ya fi kama da ƙwai a kwance. Kusan kowa zai cika inuwa da baƙi wuluk, alhali in ya dubi ƙasan tulun da kyau akwai ɗan haske da tebur ya mayar masa. Makonni ake yi ana wannan daga, ɗalibi ya miƙa hannu riƙe da fensir, ya rufe ido ɗaya yana awo, ya goge, ya sake, har ranar da zai daina zana abin da ya sani ya koma zana abin da ke gabansa. Wanda wannan ranar ta zo masa ba ya sake kallon komai kamar da. To a gaya min jimlar da za a rubuta wa na'ura ta saka wa mutum wannan a ido.

Sai kuma kayan aikin kansu, waɗanda ba sa yi wa kowa kara. Yumɓu in ba ka cuɗa shi sosai ba, ko ka yi gaggawar saka shi a wuta da sauran danshi, zai tsage ko ya fashe a cikin tanderu, aikin wata guda ya tashi a banza, wani lokaci har ya ɓata na abokinka da ke kusa. Wasu tukwanen sai zafi ya haura digiri 1200 suke nuna, kuma girman da ka gina ba shi zai fito ba don yumɓu yana tsukewa, dole tun farko ka yi lissafin haka. Fentin da ake haɗawa da mai kwanaki yake yi kafin ya bushe, in ka ɗora mai saurin bushewa a kan wanda bai gama ba, bayan wani lokaci fuskar zanen ta tsattsage. Mai sassaƙa allon ɗab'i, wato allon da ake shafa wa tawada a buga hoto a takarda, kuwa a juye yake aiki, abin da ya sa a dama a hagu zai fito a takarda, kuma inda wuƙa ta cire ta cire kenan. A kwamfuta kana da maɓallin komawa baya sau ɗari, shi ya sa ba dole ne ka yi tunani kafin ka taɓa ba. A sitidiyo dole ka yi, kuma wannan tilas ɗin ita ce tarbiyyar.

Wani lokaci ma kuskuren shi ne ribar. Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, a 1967 asid ya cinye masa farantin ɗab'i fiye da yadda ya so, ya ɗauko gam mai tauri ya cike ramukan don ya ceci aikin, daga nan ya gano wata sabuwar hanyar ɗab'i da aka san shi da ita har yau. Su waɗannan samari da suka yi wa tsarin koyarwar Turawa bore suka ce sai an haɗa shi da zanen gida, ai sai da suka iya abin da suke wa boren tukuna, da hannunsu suka koya a sitidiyo.

Wannan kukan mutuwar zane ma ba yau aka fara shi ba. Da aka bayyana ɗaukar hoto a Faransa a 1839 an yi ta cewa masu fenti sun gama yawo, sai ga shi a 1874 su Monet, masu fentin Faransa, sun baje ayyukansu a Paris da wani irin kallon haske da launi da kyamarar lokacin ba ta isa ta kama ba. Makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya buɗe a Jamus a 1919, wadda duk masu tsara kaya na zamani ke tinƙaho da ita, kowane sabon ɗalibi sai ya fara da kwas ɗin share fage inda zai taɓa itace da ƙarfe da zare, malaminsu Josef Albers har takarda zalla yake miƙa musu su lanƙwasa su ga iya abin da za ta ɗauka. Manyan kamfanonin katun da komai nasu a kwamfuta ake yi, har gobe suna son ganin littafin zanen hannu na mai neman aiki. Su da ke cin abinci da kwamfutar ba su raina fensir ba, sai mu.

Ita na'urar da ake mana barazana da ita, daga ina ta samo abin da take fitarwa? Daga miliyoyin hotuna da zane-zanen mutane da aka kwaso a intanet aka ɗura mata, galibi ba da izinin masu su ba, shi ya sa ake ta shari'a a kai. Ke nan gumin waɗanda suka zauna a sitidiyo take juyawa. A 2022 wani mutum ya ci gasar zane a bikin baje koli na jihar Colorado da hoton da ya haɗa da Midjourney, aka yi ta hayaniya, da ya nemi haƙƙin mallaka kuma ofishin da ke kula da hakan a Amurka ya ƙi ba shi a 2023 saboda ba ɗan Adam ne ya ƙirƙiri ainihin hoton ba. Ni ba na faɗa da na'ura, ɗalibin zane ya koye ta ya yi aiki da ita. Amma in ta fito da hoto guda hamsin, wa zai gane wanne ne haskensa ya fito ta inda bai kamata ba, wanne ne kafaɗar mutum ta goce, wanne ne launinsa ya mutu? Sai wanda aka horar da idonsa. Ka rufe inda ake horon, nan da shekara ashirin ka samu masu danna maɓalli da yawa, mai tantancewa babu.

Masu cewa ai ana iya koya a YouTube, bidiyo ba ya leƙo takardarka ya ce maka wuyan nan ya yi tsawo, kuma ba ya maye gurbin ranar da za ka jingina aikinka a bango abokan karatu da malamai su zagaye shi su faɗa maka gaskiya mai ɗaci a gaban kowa. Masu kafa hujja da Ladi Kwali wai ba ta yi jami'a ba kuma duniya ta san ta, su tuna shekaru ta yi tana koyon ginin tukunya a hannun gwaggonta, sannan a 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ta koyi injin juyi da tanderu mai zafi. Rayuwarta hujjarmu ce, ba tasu ba. Masu tambayar wane aiki za a samu da digirin zane kuwa, su fara kawo mana kwas ɗin da yau yake ba da tabbacin aiki.

Abin yi ba wani mai wuya ba ne. A bar shekara biyun farko ga hannu da ido, a shigo da kwamfuta daga baya a matsayin kayan aiki cikin kayan aiki. Makarantun da ke kusa da juna su haɗa kai su riƙe tanderu da injin ɗab'i guda in kowa ba zai iya shi kaɗai ba, a buɗe sitidiyo da yamma ga mutanen waje masu son koyo su biya, abin ya rage nauyi. Kuma kafin majalisar kowace jami'a ta zauna yanke hukunci kan sashen zane, a tilasta wa 'yan kwamitin su yini a ciki su ga abin da za su rushe.

Don rushewar tsalle ɗaya ne a faɗa rijiya. Kwamfutocin da za a zuba a ɗakin nan da shekara biyar sun tsufa sai an sake saye, injin ɗab'in ƙarfe da za a sayar wa 'yan gwangwan kuwa zai iya yi wa jikokinmu aiki. Ga kuma ma'aikacin nan da ya shekara talatin a bakin tanderu, wanda da ya leƙa ta ɗan ramin ƙofa ya ga launin wutar zai gaya maka ko tukwanen sun kusa nuna, in aka sallame shi bai koya wa kowa ba, ranar da jami'ar ta dawo hayyacinta ta ce a sake buɗe sashen, ban san inda za ta samo wani ba.