Ita ma mai jego ce

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa.

Makonni biyar da suka wuce, a daren da hunturun Gombe ya buso irin busowar da ke sa mutum ya tsaya yana kallon buta kafin ya taɓa ruwan alwala, kyanwar da ke zagaya gidanmu a Bolari ta haihu a ɗakin ajiya, bayan buhunan masara. Ba mu saye ta ba, ba wanda ya ba mu ita. Ta katanga ta diro wata rana, ta ga ana zuba mata ragowar tuwo da kan kifi, ta mai da gidan nata. Ɓerayen da suka addabe mu kuwa, tun zuwanta muka daina jin gadarsu a silin.

Inna ce ta fara lura. Ta dube ta tana tafiya a tsakar gida ta ce, "Wannan ciki gare ta, ku daina kora ta da tsintsiya." Da gaskiyarta. Cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, mako tara ke nan, kuma tun wajen mako na uku kan nonuwanta ke yin ja su kumbura. Da lokaci ya matso sai ta fara shiga lungu-lungu, yau ƙarƙashin gado, gobe cikin kwandon wanki, tana neman wuri mai duhu da ɗumi inda ba hayaniya. Uwargida ta ce mini, "Malam, ni fa ba zan yarda ta haihu mini a cikin kayan sawa ba." Na ce ba laifi. Muka samo kwalin taliya, muka shimfiɗa tsohon zani da tsummoki masu tsabta, muka ajiye a ɗakin ajiya tare da kwanon ruwa. Ta shinshina, ta yi banza da shi kwana biyu, ran na uku muka tarar da ita a ciki.

Dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne abin da wani maƙwabci ya faɗa mini da safiyar haihuwar, bayan mun fito sallar asuba. Na ba shi labari ina murna, sai ya ce, da zuciya ɗaya, "Ai tun idonsu bai buɗe ba za ka sa yara su zuba su a buhu su kai kwari, in ka bari suka yi wayo sun zame maka kaya." Mutumin kirki ne, sahun farko ba ya wuce shi, kuma ban ji haushinsa ba, don ni ma na taɓa ɗaukar irin wannan buhun.

Ina ɗan shekara goma ko sha ɗaya aka aike ni. 'Ya'yan kyanwa huɗu ne a cikin buhun gishiri, ina jin motsinsu a gadon bayana, na kai su bakin kwari na ajiye na dawo ina tsalle, har da ladan aike. Abin da ban manta ba shi ne uwar. Dare uku tana zagaya gidan, ɗaki-ɗaki, da wani irin kuka da ban taɓa jin kyanwa ta yi ba, nonuwanta sun cika sun yi tauri. Manya suka ce ta dame su, a jefe ta. Aka jefe ta. Ba wanda ya kira abin zunubi, ni ma sai da na girma na zauna gaban malamai sannan na san sunan abin da na yi.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ba da labarin wata mace da aka azabtar saboda kyanwa. Ta tsare ta har ta mutu, ba ta ba ta ci ba, ba ta ba ta sha ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, sai ta shiga wuta a dalilinta. Kowa ya san hadisin nan, yaranmu na Islamiyya sun haddace shi. Amma mu tsaya a kan ƙarshensa. Matar nan tana da mafita biyu: ta ciyar, ko ta saki. Babbar kyanwa in ka sake ta za ta nemi ƙadangare da fara ta rayu. Ɗan kyanwa na kwana biyu fa? Makaho ake haihuwarsa, kurma, nauyinsa wajen giram 100, kamar ƙwai biyu a tafin hannu. Ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa sai ya yi kusan mako uku, ko fitsari da kashi ba ya iya yi sai uwar ta lashe masa ƙasan ciki. Wanda ya kai irin wannan bola ya ce "ai sakinsu na yi", kansa yake yaudara. Sanyi da yunwa da tururuwa ya miƙa wa, cikin buhun da aka ɗaure baki.

Akwai kuma haƙƙin uwar, wanda shi ne aka fi mantawa. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa suna cikin tafiya da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, sai ya ɗan kewaya, suka ga wata 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu suka ɗauke su. Tsuntsuwar ta zo tana ta kaɗa fikafikai a kansu. Da ya dawo ya ce, "Wa ya tayar wa wannan hankali da 'ya'yanta? Ku mayar mata da 'ya'yanta." Sahabbai ne fa, a halin tafiya, ba su yanka ba, ba su jefar ba, ɗauka kawai suka yi. Duk lokacin da na karanta wannan, kukan kyanwar nan ta gidanmu nake ji.

Mu Hausawa mun san darajar mai jego. Ana dama mata kunun kanwa, a gasa mata nama, a hura wutar ruwan wanka safe da yamma, ba a bari ta ɗaga ko tulu. To wannan ma mai jego ce, kuma abin da take nema a wurinmu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wancan ba.

A daren haihuwar, mafi yawan aikinmu zama ne da haƙuri. Kyanwa ta fi mu sanin aikinta. Kowane ɗa yana fitowa a cikin 'yar jaka mai ruwa, ta fasa da harshe, ta lashe fuskar har ya yi numfashi, ta gutsure cibiya, ta cinye mahaifar. Kada wannan ya ba ka ƙyama ko ka ce ɗanta take ci, haka Allah ya halicce ta. Tsakanin ɗa da ɗa akan yi minti 10 zuwa awa ɗaya. Na hana yara shiga, muka rage hasken fitila, ni da Inna muna leƙe daga bakin ƙofa. Uku suka fito lafiya. Na huɗun ya biyo na ukun da sauri, uwar tana fama da wancan, shi kuwa yana kwance cikin jakarsa ba motsi. Inna ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta yage jakar daga wajen hanci, ta share masa baki da tsumma mai laushi, ta riƙa murza bayansa a hankali, kansa na kallon ƙasa, har ya yi 'yar ƙara kamar ta ɗan tsako. Ta tura shi jikin nono ta ce, "To, karɓi abinki." Nonon farkon nan, dakashi, shi ne rigakafinsu, kuma a yinin farko ne jikinsu ya fi amfana da shi.

Inda abin ya fi ƙarfin gida shi ne in ta yi minti 20 zuwa 30 tana yunƙuri mai ƙarfi ba abin da ya fito, ko ɗa ya maƙale rabi a waje, ko jini ya yi ta zuba, ko ruwa mai wari. Nan sai likitan dabbobi. Kada ka ja da ƙarfi. Kuma don Allah, kada tausayi ya sa ka ba ta farasitamol. Ƙwayar da ke sauke maka zazzaɓi guba ce ga kyanwa, guda ɗaya na iya kashe ta, don hantarta ba ta iya sarrafa shi. Haka fesa maganin sauro ko barbaɗa garin maganin ƙwari a kwalinsu wai don ƙuma. In ƙuma ta kama su, a sauya shimfiɗa, a tsince da hannu ko da matsefi mai ƙananan haƙora.

Bayan haihuwa, ciyar da uwar shi ne ciyar da 'ya'yan. Mai shayarwa tana cin ninki biyu ko fiye na abin da ta saba. Kifi, dafaffen ƙwai, guntun nama, kayan cikin kaza da aka dafa, da ruwa mai tsabta kullum a kusa da ita. A kiyaye mata miya mai albasa da tafarnuwa da yawa, suna lalata mata jini. Wani zai ce, mutane ma ba su ƙoshi ba, ana maganar ƙwan kyanwa? Na ji, kuma na san halin da ake ciki. Amma kan kifi da ƙashin da za ka zubar a kwata bai rage tukunyar kowa ba. Da sahabbai suka tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ko muna da lada a kan dabbobi, bayan ya ba su labarin mutumin da ya shayar da kare da huffinsa aka gafarta masa, cewa ya yi akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai.

Masu cewa najasa ce kuwa, ga Muwaɗɗa ta Imamu Malik da muke karantawa a zaurukanmu. Kabsha 'yar Ka'abu ɗan Malik ta zuba wa surukinta Abu Ƙatada ruwan alwala, kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha. Ya ga tana kallonsa da mamaki, sai ya gaya mata Manzon Allah ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Babban mai ruwayar hadisi ma da 'yar kyanwa aka yi masa alkunya, Abu Huraira. Zancen baƙar mage mayya ce ko aljana, har a bi ta da duwatsu, wannan camfi ne. Tsabta dai wajibi ce: a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa su, mace mai ciki kuma ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa, don akwai wata cuta da ake iya ɗauka ta nan mai illa ga ɗan tayi. In sun kai wata uku a kai su allurar rigakafin ciwon haukan kare, don kyanwa ma tana ɗaukarsa.

In uwar ta mutu ko ta ɓace, nan jarrabawar take. A garin nan da nono da kindirmo ba sa yankewa, hannu zai fara kai wa ga nonon shanu ko madarar gari, su kuwa zawo suke sa su, zawo kuma ga abin da bai fi tafin hannu ba ajali ne. Akwai madarar da aka yi musamman don 'ya'yan kyanwa a wajen masu sayar da magungunan dabbobi. In an yi dace da wata kyanwar mai shayarwa a unguwa, sau da yawa takan karɓe su. In da hannu za a ba su, sai an fara ɗumama su, da gorar ruwan ɗumi a naɗe cikin tsumma, don ɗan da jikinsa ya yi sanyi ba ya narkar da abinci. A ba shi da sirinji marar allura, yana kife a kan cikinsa, kada a kwantar da shi rigingine kamar jariri, madarar za ta bi ta huhu. Duk awa biyu zuwa uku, har cikin dare, sannan a shafa masa ƙasan ciki da auduga mai ɗumi ya yi fitsari. Wahala ce, ba na ɓoyewa. Ita uwar da muke raba su da ita kyauta take yin duk wannan.

A kwana na shida tamu ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya, ta kama fatar wuya da baki, ta mai da su bayan tsohuwar randa, don yara sun cika leƙe. Autarmu ta biyo ni da gudu, "Baba, Baba, za ta cinye shi!" Na zaunar da ita muka kalla tare. Haƙoran da ke karya wuyan ɓera su ne suka ɗauki wannan ɗan mitsitsin ba ko ƙwarzane. Na karanta mata hadisin da ke cewa Allah ya sanya rahama kashi 100, ya riƙe 99 a wurinsa, ya saukar da ɗaya a ƙasa, da shi ne halittu ke jin ƙan juna, har dabba ta ɗaga kofatonta daga ɗanta don tsoron kada ta taka shi. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko cikin guda ɗayan nan ne Umma ma ta samu nata. Na ce mata e.

Idanunsu sun buɗe tsakanin kwana na takwas da na goma. A mako na huɗu suka fara lasar jiƙaƙƙen abinci, yanzu kuma har sun fara kokawa da igiyar takalmina. Wanda ke tsoron su yi masa yawa, ya jira su cika mako takwas, lokacin an yaye su, ya nema musu gida: mai shagon hatsi, mai gidan burodi, duk wanda ɓera ya hana barci. Ya kuma san cewa uwar na iya ɗaukar wani cikin tun ba ta gama shayarwa ba. Likitocin dabbobi suna aikin da ke tsayar mata da haihuwa, malamai da dama na wannan zamani sun ba da izininsa in akwai buƙata, sai mutum ya tuntuɓi malaminsa.

Biyu daga cikin namu an riga an kama. Shekaran jiya maƙwabcin nan nawa ya yi sallama, ya tsuguna gaban randa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a ajiye masa mai farin wuyan, ɓeraye sun gama da buhun wakensa. Shi ne na huɗun nan da Inna ta murza wa baya. Na ce masa sai nan da mako uku.