Mai ƙirga taku, raka'a nawa ka yi yau?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙarfe biyar da rabi na asuba liman ya ta da kabbara, sahu bai cika biyu ba, amma bakin titi cike da samari da kambas da agogon ƙirga taku, gumi sharkaf. Wanda barci ya danne yana da uzuri. Kai fa da ka tashi, ka ɗaure igiyar takalmi, ka gifta ƙofar masallaci a guje?

Ba motsa jiki ake zagi ba. Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma ce mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa wurin Allah. Matsalar ita ce doki ya zama ubangidan mahayi: ana ta yi masa kiwo da wanka, tafiyar da aka saye shi dominta an manta da ita.

Abin da jiki ke buƙata bai kai yadda muke wahalar da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi minti 150 zuwa 300 a mako ya wadatar da baligi, wato ko minti 30 na tafiya da sauri sau biyar. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi. Taku 10,000 ɗin da kake fita zagaye tsakar gida da tsakar dare don cikawa, asalinsa tallar wata na'ura ce a Japan a shekarun 1960. Ba wahayi ba ne, ɗan uwa.

Kuma dubi inda zaƙewa ke kaiwa. Allurar kumbura damtse tana ƙanƙantar da maraina, ta rage maniyyi, ta taɓa hanta da zuciya. Saurayin da ya shiga ɗaga ƙarfe da zafi a ranar farko, fitsarinsa ya koma kalar shayi, tsokarsa ce ke narkewa tana toshe ƙoda. Asibiti zai nufa, ba wurin mai tausa ba. Ke 'yar uwa, shayin rage tumbi da yawa filasko ne a ciki, gudawa yake sa ki, ruwa da gishirin jiki ne ke fita, kitsen yana nan daram. Mai shan sha-ka-fashe don ta ciko kuwa, kumburin fuska take saye, da hawan jini, da ciwon suga, da raunin ƙashi. Duk saboda madubi da hoton da za a ɗora a Instagram. Subhanallah!

Hadisin da sahabi Miƙdam ya ruwaito ya riga ya raba mana cikinmu kashi uku: abinci, abin sha, numfashi. Masallacin da ke nisan minti 5 da gidanka, zuwa da dawowa sau biyar minti 50 ne kullum, kuma kowane taku ana ɗaga maka daraja, ana kankare zunubi. Je ka da natsuwa kamar yadda aka umarta, saurin ka yi shi a hanyar dawowa.

Za a tambaye mu jikin nan, a me muka ƙarar da shi. Don Allah, gobe ka ajiye kambas ɗin a ƙofar masallaci, ka shiga sahu tukuna. Titin ba ya zuwa ko'ina. Don Allah, sallah tukuna.